Gabas Ta Ɓace Mana a Dutsen Kamaru

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Saulawa, mu uku, washegarin gama maimai a gonarmu. Tun da na dawo jama'a ke tare ni a kasuwa da bakin masallaci, kowa na son jin yadda muka je da yadda muka dawo. Har 'yan ajina na yaƙi da jahilci, dattawa da furfurarsu, sun ce ba za su koma karatu ba sai sun ji. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba.

Dalilin tafiyar yayana ne, Haruna. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya tafi cin rani Kurmi bai dawo ba. Da fari mukan ji labarinsa a bakin fatake, yau a ce yana Fatakwal, gobe a ce ya haye Kamaru, daga baya labarin ya ɗauke. Abin da ya rage sai tsegumi. Wasu su ce an gan shi yana shan bammi, masu ƙarfin baki kuma su ce ya bar salla. Ba wanda ya gani da idonsa, amma maganar tana shigowa gidanmu, Inna tana ji tana shiru. Sai a daminar nan wani mai fataucin goro ya kawo takarda, rubutun wani ne ba nasa ba, layi huɗu: yana gadi a wani sansanin Turawa masu safiyo, wato awon ƙasa, a jikin Dutsen Kamaru, kusa da Biktoriya, ƙirjinsa ya kama, yana son ganin wani nasa.

Da zan fita Inna ta miƙo mini ƙunshin farin saƙi, ba ta dube ni ba. Ta ce in ya iya tasowa mu taho da shi. In kuwa Allah ya yi ikonsa, kada mu bari wani ya sa shi a ƙasa, mu sa shi da hannunmu, mu juya shi gabas kamar kowane Musulmi. Iyakar saƙonta ke nan, shi na ɗauka har bakin teku.

Abokan tafiyata biyu ne. Akwai baffana, ƙanin marigayi mahaifinmu, da ke zaune a Furana. Manomi ne da duk yankinmu ke jin maganarsa a kan sama: in ya dubi gabas ya ce a yi shuka, shuka ake yi. Sai abokin Yaya na ƙuruciya, mutumin Kudan, mai dafa mazarƙwaila, wanda bakinsa ba ya hutawa. Ni an sa ni a ciki ne don na iya karanta allon hanya, ina kuma tsintar Turanci kaɗan-kaɗan.

Da ƙafa muka isa Ikara da hantsi. Can muka sami akori-kura mai zuwa Zariya da buhunan dawa, muka ɗare bisa kaya. An yi ruwa jiyan, saboda haka kafin Makarfi muka tarar an sa shinge, mai gadin hanya ya ce sai ƙasa ta sha iska, umarnin Di'o ne, Baturen mulki. Muka zauna gindin wata ɗorawa har azahar. Mutumin Kudan ya cinye lokacin da kushe gonakin raken mutanen Makarfi, wai su shuka suka iya, noma kuwa sai an aro musu hannu daga Kudan. Baffa kuwa hankalinsa na kan sama. Ya dubi gabas, inda wani baƙi ya fara haɗuwa, ya ce in ba a buɗe mana yanzu ba, a nan za mu kwana. Direba ya ji, ya je ya lallashi mai shinge, muka wuce. Muna shiga Zariya ruwa ya kece, daidai yadda ya faɗa.

Daga Zariya muka bi ta Jos. Ban taɓa jin sanyi irin wannan a tsakiyar damina ba, ga ramukan kuza ko'ina cike da ruwa, ƙasa duk an tone mata ciki. Ƙosan kwabo da ke ƙosar da mutum a Ikara, a Jos guda uku ne, kowanne bai fi ƙwan zabo ba. Muka gangara Lafiya, muka haye Binuwai a Makurɗi a kan gada ɗaya da jirgin ƙasa. Baffa ya runtse ido yana salati har muka kai ɗaya gaɓar, sannan ya buɗe ya ce ba laifi, gadar tana da ƙarfi.

Daga Binuwai ƙasar ta fara sauya fuska. Dawa ta ragu, doya ta karɓe gonaki, sai itatuwan manja, sai kurmi. Harshenmu ya daina aiki a kasuwa, amma ba garin da muka sauka ba mu sami zangon Hausawa ba. A Inugu, a Abakaliki, a Ikom, ko'ina in ka nemi gidan sarkin Hausawa za a nuna maka, a ba ka tabarma da tuwon garin rogo, a tambaye ka labarin damina a gida kafin a tambayi sunanka. Na ga mutanen da suka shekara ashirin ba su ga gero a tsaye ba, idonsu na cika da ƙwalla in ka ce musu ya yi ciki. Duk wanda na gani a cikinsu sai in saci kallon goshinsa, in tuna Yaya. Guzurinmu kuwa bai jure wannan ƙasa ba. Dawo ya yi tsami tun a Lafiya, dakuwa ta yi funfuna. Mazarƙwailar mutumin Kudan kaɗai ta tsira, da ita muke jiƙa garin rogo, kowace loma kuma sai ya tuna mana wanda ya dafa ta.

A Ikom jirgin fito ya haye da mu, mota da mutane gaba ɗaya. A Mamfe muka yi zaman kwana guda, domin hanyar Kumba ba ta ɗaukar mota biyu: yau masu gangarawa, gobe masu hawowa, in ka zo ba ranarka ba sai ka jira. Ita ce hanya mafi wuya da na taɓa bi. Taɓo har gwiwa, itatuwa sun haɗe kai a sama, mu sauka mu tura, mu hau, mu sake sauka. Inda yamma ta riske mu nan direba ya tsaya, aka ɗaura tamfol daga jikin mota zuwa wasu itatuwa, aka hura wuta da ƙyar, muka kwana a ƙasa, kowa da yarensa. Wata mata da ba mu jin maganarta ta gasa ayaba irin babbar nan ta miƙo wa Baffa, ganin shi ne tsoho. Ya ci, ya ce da an sa mata gishiri da ta kamo dankali. Tun daga Mamfe ba mu sake ganin rana ba, amma akwai fatake Hausawa a motar da suka san hanya, su ke nuna mana gabas.

Kwana goma da barin gida muka shiga Biktoriya. Ku da kuke tambayata teku, ga abin da zan iya faɗi: ruwa ne da ba shi da ɗaya gaɓar, ba ya kuma zama wuri ɗaya, kullum yana zuwa yana komawa da ruri. Rairayin bakinsa baƙi ne ƙirin kamar garin gawayi. Mutumin Kudan ya riƙe ƙugu ya fara tunanin raken da wannan ruwa zai shayar, sai ya ɗiba ya kurɓa, ya tofar, ya ce Allah ya kyauta, an yi asara. Bayan garin kuma dutsen ne, amma mu gindinsa kawai muka gani, sauran ya shige cikin gajimare.

Sarkin Hausawan garin, wani dattijo mahauci, ya san Yaya. Ya ce mutum ne marar hayaniya, yakan sauko bayan wata biyu ko uku ya sayi gishiri da kananzir ya koma. Na kewaya na kewaya, na tambaye shi ko suna haɗuwa a masallaci. Ya gane inda na dosa. Ya ce shi dai ba zai shaidi abin da bai gani ba: da hantsi Haruna ke zuwa, kafin azahar ya juya, saboda nisan hawa. Na fita daga zaurensa zuciyata ta ƙara nauyi. Allah ya taimake mu, a ranar abokin aikin Yaya ya sauko neman magani, sarkin ya haɗa mu. Ɗan ƙasar ne, ba Musulmi ba, ƙaƙƙarfa, kullum da adda a hannu. Ba ya jin Hausa, sai Turancin kasuwa irin nasu, wanda nake kama kalma ɗaya a cikin uku. Abin da na kama shi ne mu yi sauri.

Da sassafe motar wata gonar manja ta ɗauke mu, ta bi da mu gefen teku tana lanƙwasa nan da can, ta sauke mu inda hanya ta ƙare. Daga nan sai ƙafa, shi mutumin yana jagora. Mu mutanen fili ne, tudun da muka sani shi ne wanda jaki ke hawa da kaya bai ma lura ba. Wannan kuwa hawa ne da hannu da ƙafa, ka kama saiwa ka ja jikinka, ƙarƙashinka duwatsu baƙaƙe masu kaifi kamar kashin maƙera. Jagoran ya nuna mana da hannu cewa dutsen yakan yi aman wuta, waɗannan su ne abin da ya amayar. Baffa ya tuɓe takalmansa ya rataya a wuya. Matsattsaku suka same mu a ƙwauri, ba ka jin cizonsu sai ka ga jini. Mutumin Kudan ya yi shiru, a nan na san lalle hawan ya kai hawa.

Wajen tsakiyar tafiya muka haye wani kwazazzabo mai zurfi, ruwansa iyakar idon sawu, amma jagoran ya riƙa kora mu kamar ana bin mu. Muna hayewa muka shiga cikin gajimaren kansa. Fari ne fat ta ko'ina, yana jiƙa riga ba tare da an yi ruwa ba, mutum na gabanka taku goma ba ka ganinsa. Babu inuwa, babu ƙarar teku. Hanya ta yi ta murɗawa har na daina sanin ta inda muka fito. Sannan ruwa ya sauko, ba tsawa ba walƙiya, zuba kawai yake yi, iska na turo shi daga waje ɗaya.

Sansanin yana kan wani ɗan fili a jikin dutsen: tanti uku, da rumfar kwano ta girki, da akwatunan kayan awo a ɗaure. Turawan sun sauka tun farkon ruwa, sun bar Yaya da jagoranmu gadi. A tanti na tsakiya muka same shi, kwance a kan gadon soja, ya juya wa ƙofa baya, fuskarsa na kallon wajen tudu. Mutumin da ke ɗaga buhun dawa shi kaɗai ya koma ƙashi da fata, numfashinsa na fita da ƙara. Na ce, "Yaya." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ka yi gemu." Ya yunƙura zai durƙusa wa Baffa, aka hana shi. Ya tambayi Inna, na ce tana lafiya, ita ta aiko mu. Ya tambaya ko an yi maimai a gonar fadama. Daga wannan bai sake haɗa magana ba. Jagoran nan shi ke jinyarsa wata biyu, shi ke dafa masa ruwan zafi, shi ke wanke shi, shi ke ɗaukarsa zuwa bayan gida. Na rubuta wannan ne don kada a manta.

Lokacin salla ya yi, ko in ce mun ƙiyasta ya yi, muka fito bakin rumfa muka rasa gabas. Baffa ya shiga cikin ruwan ya tsaya, ya dubi inda iska ke turo shi. Daga wajen gangare yake zuwa, ba ya sauyawa. Ya ce, "Shekarata sittin da ɗoriya ina duban sama, ban taɓa ganin ruwa ya taso daga wani wuri ba sai gabas. Ga gabas nan." Maganar ta zauna mini daram, don ni ma haka na tashi na gani, kowa a Saulawa ya san ta inda hadari ke tasowa. Muka fuskanci gangare muka yi salla.

Da muka koma tanti Baffa ya dubi Yaya ya ga alamun da manya ke gani. Ya ce bai kamata a bar shi ya ba gabas baya a wannan hali ba. Muka ɗaga gadon mu uku muka juya shi, ya kwanta a kan damansa yana fuskantar ƙofa. Ba a jima ba sai na ga yana motsi. A hankali, da nishi, yana dafa gefen gado, ya mirgina ya koma kallon wajen tudu. Baffa ya ce zafin ciwo ne, ba ya cikin hayyacinsa, in juyo shi. Na sa hannu a kafaɗarsa na juyo shi. Da safe muka tarar ya sake komawa, na sake juyo shi.

Jagoran yana tsaye a ƙofa yana kallonmu. Da ya ga na biyun sai ya shigo yana magana da sauri, ya nuna Yaya, ya nuna wajen tudu, ya ɗaga hannuwansa biyu zuwa kunne, ya sunkuya. Mutumin Kudan ya ɓata rai, ya ce kwaikwayon salla yake yi mana a gaban mai mutuwa. Ni kuwa na kama wasu kalmomi, na ji wani abu ya soke ni a zuciya.

Na ce, "Baffa, kamar fa cewa yake can Yaya ke fuskanta."

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wanda bai taɓa sa goshi a ƙasa ba, shi zai nuna mini gabas?"

Na yi shiru. Ina iya jan mutumin nan waje in tambaye shi abu ɗaya, ta ina rana ke faɗuwa a nan, ko da hannu zai ba ni amsa. Ban yi ba. Kunya ta hana ni gyara wa ƙanin ubana magana a kan abin da duk ƙasarmu ta sallama masa. Kuma in faɗi gaskiya, ni ma a raina ban so a ce wannan mutum ya fi mu sani ba.

Wajen tsakar rana ya yi na uku. Wannan karon da na kama kafaɗarsa sai na ji yana turo hannuna, ɗan ƙarfin da ya rage masa duka ya sa a wurin. Ya buɗe ido ya dube ni, leɓensa na motsi. Na ce masa sannu, Yaya, sannu, na juyo shi. Baffa ya zauna a kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Mun so mu sauko da shi gari, inda akwai liman da maƙabarta, amma jagoran ya nuna mana cewa kwazazzabon nan ya cika ya wuce kan mutum, ba mai haye shi sai ruwa ya tsagaita. Gawa kuwa ba ta jira. Baffa ya yi masa wanka, muka naɗe shi a farin saƙin Inna. Akwai diga da shebur a sansanin. Baffa ya ja layi da sandarsa, muka fara haƙa. Ƙasar duk dutse ce, muna karɓa-karɓa, jagoran ya haƙa fiye da rabin kabarin shi kaɗai, bai kuma ƙara cewa komai ba. Muka yi masa salla mu uku, ruwa na zuba a kanmu. Ni da mutumin Kudan muka shiga muka kwantar da shi a kan damansa, fuskarsa na duban gangare. Muka jera itace, muka rufe da manyan ganye, muka mai da ƙasa. Na ce a raina ko ba komai na cika saƙon Inna.

Kwana biyu muka ƙara a sansanin muna jiran kwazazzabo. A yammacin na biyun ruwa ya ɗauke, iska ta kwanta, gajimaren ya fara yagewa daga ƙasa. Muna zaune bakin rumfa sai ga duniya ta buɗe a gabanmu: kurmi yana gangarawa kore shar, gonakin manja layi-layi, can ƙasa teku a shimfiɗe har iyakar gani. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, ban kuma taɓa ganin abin da ya karya mini zuciya kamarsa ba. A saman teku, daidai inda muka yi kwana huɗu muna fuskanta, daidai inda muka juya fuskar Yaya, rana ce ja wur tana shirin faɗuwa.

Baffa ya miƙe ya taka har bakin kabarin, ya dubi rana, ya waiwaya ya dubi tudu, sai ya zauna a cikin taɓo yana ta maimaita innalillahi. Can ya ce a kawo diga. Mutumin Kudan ya riƙe shi, ya ce kwana biyu sun wuce, kada mu gyara kuskure da abin da ya fi shi, mu bari mu tambayi masu sani. Da Baffa ya natsu sai ya tashi ya je wurin jagoran, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce in gaya masa ya yafe mana. Na haɗa 'yan kalmomin da nake da su na faɗa. Mutumin ya kaɗa kai, ya nuna mana cewa a ƙasarsu daga teku ruwa ke zuwa, kullum. Magaribar ranar muka juya wa teku baya muka yi salla, shi kuma yana zaune gefe yana jiranmu da tukunyar gwaza.

Da muka sauko muka je wurin limamin zango, Baffa ya zayyana masa komai, bai rage laifinsa ko kaɗan ba. Liman ya ce da a lokacin binnewa aka gane, da sai a gyara, amma tunda an baje ƙasa har kwanaki sun shiga, ba a tonawa, a bar bawan Allah ya huta. Sallolinmu ma da lokacinsu ya fita ba sai mun rama ba, tunda iyakar ƙoƙarinmu muka yi. Hukuncin ya zo mana da sauƙi, amma ni na san ban yi iyakar ƙoƙarina ba.

Dawowa ta fi zuwa sauri, ko kuwa ni ne ban lura da hanya ba. Baffa ya tsufa a cikin kwanakin nan, ba ya magana, ba ya cin kirki. Sai da muka wuce Makarfi, gero ya fid da kai ko'ina, ƙamshin gida na shigowa mota, sannan ya matso kusa da ni. Ya ce Inna tsohuwa ce, ba ta da ƙarfi, in ta tambaya in ce mun sa Yaya yadda ya kamata, in bar sauran a wuyansa shi. Na san tausayi ne ya sa shi faɗin haka. Na ce, "Baffa, ka gafarce ni. Na yi shiru sau ɗaya a kan dutse, ba zan ƙara ba." Bai hana ni ba.

Da la'asar muka shiga Saulawa, mutumin Kudan ya riga ya rabu da mu a hanya ya nufi gida. Inna na tsakar gida tana yanka kuɓewa, ta ga na shigo ni da Baffa ba kowa a bayanmu, ta ajiye wuƙa. Ba ta yi kururuwa ba. Gida ya cika da masu ta'aziyya, washegari ma haka. Sai a rana ta uku, bayan an watse daga addu'a, ta kira ni ɗakinta.

Ta ce, "Da hannunku kuka sa shi?"

Na ce da hannunmu.

"Kun juya shi gabas?"

Na durƙusa na gaya mata duka: ruwan da ya zo daga teku, da mutumin da ya nuna mana muka ƙi ji, da shirun da na yi, da yadda Yaya ya riƙa mirginawa ina juyo shi. Na ce mun kasa cika saƙonta, ta yafe mini. Ta riƙa murza bakin zaninta.

Sannan ta ce, "Shi da kansa ya juya?"

"Da kansa, Inna."

"Sau nawa?"

"Sau uku."

"Yana cikin wannan hali ya san inda gabas take, ku masu lafiya ba ku sani ba."

Na ce haka ne. Ta ɗaga hannuwanta sama, hawaye na bin kuncinta, ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe yaron nan bai bar salla ba."

Ni nauyin laifina ya rufe mini ido, ban ga wannan ba sai da ta faɗa. Shekaru tana ɗauke da maganar mutane, a ranar ta sauke ta, da yamma har ta ci tuwo.

To jama'a, ga abin da na dawo da shi. Na ga teku, na hau dutse, na kwana a tanti cikin gajimare, amma ba su ne suka zauna mini ba. Na gane cewa sanin da mutum ya tara a ƙasarsu yana da iyaka, in ka sauka a wani wuri ka tambayi mai wurin, ko wane ne shi. Na kuma gane cewa akwai shirun da muke kira ladabi, alhali rabinsa tsoro ne, rabinsa girman kai. Inna ta yafe mini, liman ya ce ba komai, Baffa ya koma gonarsa a Furana. Ranar Asabar za mu buɗe aji kamar yadda muka saba. Amma har yau, in na ɗaga hannu zan yi kabbara, ina jin kafaɗar Yaya a tafina tana turo ni.